Shekarar da Baban Ishaku Ya Ƙi Cin Naman Layya

Ku 'ya'yana da jikokina, na san abin da ake gaya muku. Har yau in ana taron biki a dangi, ba a rasa tsohuwar da za ta rage murya ta ce, "Ai Kulu saura ƙiris ta bi 'yan mishan." Ni ban yi boko mai nisa ba, ajin yaƙi da jahilci kawai na zauna, shi ma rabin zaman hira ce. Amma Allah Ya ba ni kunne, abin da ya shiga ba ya fita. Don haka ku gyara zama ku ji yadda aka yi daga bakin mai sunan, tun ina da sauran haƙoran faɗa.

Daga Argungu aka kawo ni Birnin Kebbi, 'yar masunta, ina ƙarnin kifi ina taƙama da shi. Babanku Garba tela ne, mutum mai sanyi. Gidan kuwa na yayansa ne, Malam Muhammadu, wanda muke kira Malam Babba. Shi ke ba da karatu a zaure, shi ke tafsiri in azumi ya zo. Madafata tana jingine da bangon zauren nan, kuma akwai wata 'yar kafa a sama da aka bari don hayaƙi. Hayaƙi yana fita, karatu yana shigowa. Ina tuƙa tuwo ina jin ƙissoshin annabawa, har na fi wasu masu zama a gabansa riƙewa, don su suna gyangyaɗi, ni kuwa wuta ba ta barina.

A sashen da ke ƙofar baya akwai baƙinmu, Bitrus da matarsa Rifkatu da ɗansu Ishaku, lokacin yana tatata. Kiristoci ne daga duwatsun wajen Jos. Aikin asibiti ya kawo Bitrus, shi ke allura da wankin ciwo. Da suka zo gari sun sha yawon neman masauki, sai Malam Babba ya ba su sashen nan, saboda Bitrus ne ya yi ta jinyar gyambon ƙafar tsohuwarsu har ya warke. Kowace Babbar Sallah, in an soya kayan ciki, Malam yakan aika a kira Bitrus zaure ya ci tare da maza. Yakan ce shi bai son a zuba naman layya a kwano a aika wa wanda ba Musulmi ba, amma baƙon da ya zauna a kan tabarmarka ya sa hannu a akushinka, wannan haƙƙin baƙunta ne, ba mai hana shi.

Rifkatu kuwa, ban san yadda zan kwatanta muku ita ba. Ita ta koya mini gwaten acca, ni na koya mata cire ƙayar kifi ba tare da ta yi kuka ba. Da kyanda ta ɗauke mini ɗiyata ta fari, dangi sun zo sun yi gaisuwa sun tafi, ita ce ta zauna. Ita ke ɗura mini kunu kamar jaririya, tana zagina da Hausarta mai karkata har in haɗiye.

A shekarar da aka ba mu mulkin kai ne abin ya faru. Tun kafin ranar ta zo gari ya ɗauki zafi. An sa rediyo a zaure, kullum zancen Turawa za su tafi, kowa yana tambayar wa zai riƙe mene ne, wane ne namu, wane ne ba namu ba. A shekarar ce kuma na fara layya ta kaina. Babana ya aiko mini da ɗan rago daga Argungu a bayan motar kifi, na yi ta kiwonsa da dusa da harawa da kanwa har ya zama abin kallo, ƙahonsa ya murɗe, in yana tafiya ƙasa na amsawa. Ana saura 'yan kwanaki Sallah, da la'asar, ya tsinke igiya ya faɗa zaure a tsakiyar maza. Bitrus ya dawo daga aiki ke nan, shi ya cafke shi a ƙaho. Ina jin su ta kafar hayaƙi ana ta dariya.

"Kai, wannan rago!" in ji Bitrus. "Ko wanda aka fanshi Ishaku ɗan Ibrahim da shi bai fi shi ƙaho ba."

"Isma'ila," in ji Malam Babba, a hankali, kamar mai gyara wa ɗalibi karatu.

"Malam, a littafinmu Ishaku ne. Da sunansa a rubuce."

"Mu kuwa abin da munka karɓa ga malamanmu, ɗan fari ne, Isma'ila. Sai bayan an gama zancen yankan anka yi ma Annabi Ibrahim bushara da Isiyaku."

Da a nan aka tsaya, da ba ku ji wannan labari ba. Amma akwai Mamman Dogo, wani mai sayar da goro da ba ya rabuwa da zauren, mutumin da in ya ga garwashi sai ya hura.

"Ka jiya, Malam? Shekara da shekaru yana cin layyarka, ashe cikin ransa ragon banza kake yankawa!"

"Ban ce banza ba," in ji Bitrus. "Amma in cin naman nan yana nufin na yarda Isma'ila ne, to bana ba zan ci ba. Na faɗa."

Ina jin ragona yana tauna gefen tabarma. Can Malam Babba ya yi magana, kuma na san muryar, ita ce wadda ba ya janyewa.

"Bitrus, tabarmata tana nan ran Sallah. In ka zo ka ci, kai baƙona ne yadda ka saba. In ka ƙi, ka nemi wani gida kahin watan ga shi mutu. Ba ni aje mai ƙyamar akushina."

Ku tuna, farkon damina ne, Rifkatu tana da ciki ya fara nauyi, kuma a yadda gari yake a lokacin ba wanda zai buɗe musu ƙofa in aka ji Malam Babba ya sallame su. Sai dai su koma duwatsunsu, in rabu da ita har abada. Na same ta tana kuka a bakin murhu, ta ce ta san mijinta, in ya ce "na faɗa" ko uwarsa ba ta juya shi. Na roƙi babanku ya sa baki, ko ɗaga kai daga keken ɗinki bai yi ba.

"Ni in shiga tsakanin Yaya da maganatai? Kulu, ki kama girkinki."

Girkin na kama, amma kaina bai kama ba. Na ce a raina, mutum biyu suna faɗa a kan labari ɗaya, ni kuwa rabinsa kawai na sani. Washegari da hantsi, maza sun fita, na ɗauki faifan shinkafata na tafi sashen Rifkatu na ce ta ba ni labarin Annabi Ibrahim kaf, yadda yake a wurinsu. Tana da littafinsu na Hausa, ta ɗauko, tana bi da yatsa a hankali, ni ina tsintar tsakuwa ina saurare. Haka muka yi ta yi kullum har jajibiri.

Abin da na ji ya ba ni mamaki, don gida ɗaya ne amma ƙofofin daban. A nasu, Allah Ya kira shi Ya ba shi umarni, yaron kuwa bai san kome ba. Shi ya ɗauki itacen a kansa suna hawan dutse, har yana tambayar uban, ga wuta ga itace, ina abin yankan? Da ta kai nan sai da na ajiye faifai na share ido. Na ce mata a namu mafarki ya yi, kuma bai ɓoye wa yaron ba, ya gaya masa ya nemi shawararsa, yaron ya ce Baba ka aikata abin da aka umarce ka, za ka same ni mai haƙuri. Sai ga Rifkatu ita ma tana share ido da bakin zane. Ta ce, "Wannan yaro naku da ƙarfin hali yake." Na ce, "Naku kuma da ban tausayi." A nasu dutsen yana can wajen Urushalima, a namu Mina ne kusa da Makka. Na ba ta labarin yadda uban da Isma'ila suka ɗaga ginin Ka'aba, ta ce wannan babu shi a nasu. Ta karanto inda Hajara take cikin daji da yaro, ruwa ya ƙare, Allah Ya nuna mata rijiya. Na yi tsalle na ce, "Zamzam ke nan!" Ta duba ta sake dubawa ta ce ita dai ba ta ga an sa wa rijiyar suna ba. Ban ce ta bar nata ba, ba ta ce in bar nawa ba. Ni Isma'ila na sani, a kansa nake har gobe.

Ana cikin haka ne Gwaggo Tumba, ƙanwar uban su babanku, ta leƙo neman aron turmi ta gan mu, littafi buɗe, ni na miƙe ƙafa.

"La'ilaha illallahu! Kulu, karatun mishan kika ɗauka? A gidan Malam?"

Kafin azahar labari ya kai bakin kasuwa, kafin magariba an ce har an sa mini sabon suna. Babanku ya daina amsa gaisuwata. Na ji zafi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Amma washegari na koma, don ba a gama ba.

Ran jajibiri ne muka koma baya kan labarin baƙi, wanda muka tsallake. Rifkatu ta karanta yadda wasu baƙi suka zo wa Annabi Ibrahim da tsakar rana, ya ruga ya sa aka yanka ɗan maraƙi, ya kawo musu da nono, ya tsaya kusa da su a gindin itace suna ci.

"Tsaya," na ce. "Mi kinka ce? Sun ci?"

"Sun ci mana. Ga shi nan."

"Sake dubawa, Uwar Ishaku. Da bakinsu?"

"Ke Kulu, da hanci ake ci a Argungu?"

Na yi dariya, amma nan take na tuna tafsirin Malam Babba na azumin da ya wuce, ina soya ƙosai ina ji. A namu, ya kawo musu gasasshen ɗan maraƙi ya ajiye, sai ya ga hannunsu ba ya kai wa ga abincin, tsoro ya kama shi. Malam ya yi bayani ranar, ya ce a al'adar mutanen da, baƙon da ya ƙi cin abincinka ba da alheri ya zo ba. Sai da suka ce masa kada ya ji tsoro, su manzannin Allah ne, mala'iku. Na tattara shinkafata na riƙe abin a ciki kamar mai ɓoye ƙwai.

Ran Sallah aka sauko daga idi aka yi yanka. Aka feɗe ragunan, aka baje kowane a kan sanduna aka jera su kewaye da wuta yadda muke yi a nan, nawa ya fi kowane faɗi. Na soya hanta da ƙoda da tumbi, na cika akushi aka kai zaure. Na kasa kunne. Yaro ya je kiran Bitrus ya dawo ya ce wai a yi haƙuri. Mamman Dogo ya ce to bismilla, tun da zafi. Malam Babba ya ce, "A dakata." Daga nan ban ƙara jin motsin hannu ba. Maza cike da zaure, ƙamshi yana dukan hancinsu, ba mai taɓawa. A nan na gane tsohon nan ba korar yake so ba, maganarsa ce ta ɗaure shi.

Na yafa mayafi na fita. Ban nemi izinin babanku ba, don na san amsar. Na tarar Rifkatu ta fara ƙulle tukwane a tsumma, Bitrus yana zaune bakin ƙofa, littafinsa a kan gwiwa, fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Ban taɓa tsayawa na yi masa doguwar magana ba sai ranar. Na durƙusa daga nesa.

"Baban Ishaku, barka da Sallah. Tambaya gare ni, ta jahila."

"Barka kadai, Uwargida. In dai zancen nama ne, na riga na faɗa."

"Zancen baƙi ne. Waɗanda sunka zo ma Annabi Ibrahim ya yanka musu ɗan maraƙi. A littafinku, sun ci ko ba su ci ba?"

"Sun ci."

"Sun tambaye shi don wa anka yanka kahin su ci?"

Ya dubi matarsa, ta sunkuyar da kai.

"Ba su tambaya ba."

"To, a namu ba su ci ba. Sun janye hannunsu har mai gida ya ji tsoro, kamar yadda wani tsoho yake zaune yanzu cikin zaure da akushi gabansa. Ka ga, Baban Ishaku, in ka ƙi ci yau, baƙin littafinmu ka bi, kuma wallahi muna murna, sai in je in yi guɗa. In kuwa naka kake son bi, hanta tana hucewa."

Ya buɗe littafin kamar zai nemi mafita, ya rufe. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da buga ƙafa.

"Rifkatu, ke kika ba ta wannan makamin?"

"Ni karatu kawai na yi," in ji Rifkatu. "Kunnen nata ne."

Ya sa hularsa ya nufi zaure ta waje. Ni kuwa na kwasa a guje ta cikin gida, na manta da girma, na je na manna kunne a bangon madafa. Na ji sallamarsa, na ji an amsa ciki-ciki.

"Malam, matar ƙaninka ta ɗaure ni. Ta ce in na ƙi ci na bi baƙin littafinku, in na ci na bi na namu. To na zo in bi namu."

Sai na ji abin da ban taɓa ji ba tun zuwana gidan, Malam Babba yana dariya har da tari.

"Ai waɗancan mala'iku ne, Bitrus, shi ya sa ba su ci ba. Kai kuwa na daɗe da sanin ba mala'ika ba ne. Zamna."

Na ji tabarma ta motsa, na ji an jawo akushi.

"Amma hwa Isma'ila ne," in ji Malam.

"Ishaku ne, Malam."

"Ɗauki ƙoda, kada Mamman Dogo shi rigaye ka."

Ni kaɗai a madafa na rangaɗa guɗa, har kaji suka watse.

Kada ku ce a banza na sha. Bayan an gama rabon nama babanku ya ce in haɗa kayana in je gida in huta, tunda na iya zuwa wurin namiji ba izini, ga kuma bakin mutane. Na hau mota zuwa Argungu ina kuka, cinyar ragona a ƙunshe a cinyata. Inna ta yi ta faɗa. Babana yana gyaran taru a ƙofar gida, ya sa na ba shi labarin tun daga tsinkewar igiya, da na gama ya ce shi dai ya san ragon da ya aika ba na banza ba ne. Na zauna ina kallon ruwa yana cika fadama, ina tunanin ko shi ke nan aurena ya mutu a kan hanta.

Ba babanku ne ya zo biko ba. Wata safiya sai ga Malam Babba da kansa, da rawaninsa, ya sauka daga mota ƙafa duk taɓo. Yayan miji ya zo bikon matar ƙane, unguwa ta fito kallo. Ina bayan ƙofa ina jin yana gaya wa babana:

"A ba mu ɗiyarmu mu koma. Shekara da shekaru ina tafsiri, na gaba suna barci, ashe ɗalibata tana bayan bango."

Na koma ɗakina. Rifkatu ta haihu a sashen nan, a makon da ake ta kaɗe-kaɗen mulkin kai, yara suna yawo da 'yan tutoci. Mace ta haifa, aka sa mata Hauwa'u, suna kiranta Kulu ƙarama. Malam Babba da Bitrus kuwa ba su taɓa daina musun nan ba har Allah Ya raba su. Kowace Sallah, akushi a tsakiya, wannan ya ce Isma'ila, wancan ya ce Ishaku, kowa yana tsame hannu yana kai wa baki. Sunan 'yar mishan ya bi ni har tsufa, kuma na yafe wa Gwaggo Tumba tun tana da rai. Ban bar sallata ba ko sau ɗaya. Abin da na yi, na saurari maƙwabciyata har ta kai ƙarshen labarinta.

Yanzu duk sun tafi, saura ni da Ishaku, wanda kuka sani da Baba Ishaku na unguwar Gesse, shi ma furfura ta gama da shi. Ga abin da nake so ku riƙe in ba na nan. In an yi layya, kada ku zuba nama a leda ku ba ɗan acaɓa ya kai masa. Ku je da kanku ku ɗauko shi, ku shimfiɗa masa tabarma a zaure, ku ajiye akushi a gabansa. Zai ce muku Ishaku ne. Ku ce masa Isma'ila ne. Sa'an nan ku tura masa hanta tun ba ta huce ba.